Baƙaƙen Ƙwallayen Akwatin Sitiyari

Shekarar da zazzaɓin zinariya ya kama ƙauyenmu, maza suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya zuwa hamadar arewa, maigidana yana tuƙa wata tsohuwar boksi fara, motar a-kori-kura. Da safe ya kai tumatir da albasa Wad Madani, da yamma ya dawo da mutane da buhunan sukari. Shekararmu huɗu da aure. Ni na shigo gidan da kai cike da ƙananan littattafan soyayya da ake bazawa a ƙasa kusa da tashar mota, waɗanda a cikinsu miji kan tsaya a bakin kogi ya faɗi magana mai sa hawaye. Nawa mijin in ya dawo sai ya zube kan angarib, gadonmu na igiya, ya ce in ɗora ruwan zafi in gasa masa kafaɗa.

Sitiyarin motar ne ya cinye kafaɗar. Jan man sitiyari yana ɗiga daga akwatinsa, duk inda aka ajiye motar sai ta bar tabo a ƙasa. Ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, ga kuma wasa: sai ka murɗa shi kusan taƙi guda kafin tayoyi su ji. Hanyarmu bisa gefen tura'a take, babbar magudanar ruwan noma, ruwa a dama, gona a hagu, babu wurin kuskure.

Ƙanensa ya riga ya tafi wurin zinariya, kullum yana bugo waya. Ran Litinin na ji maigidana yana ce masa to. Da ya ajiye wayar ya ce, ba tare da ya dube ni ba, akwai lorin da zai tashi daga Madani ran Juma'a. In akwatin bai gyaru ba kafin nan, zai jingine motar ya bi su. Na san matan waɗanda suka tafi. Wata shekara biyu ke nan muryar mijinta kawai take ji.

Ba a samun sabon akwati irin na motarmu. Wani usta, babban makanike a Hasahisa, ya ba shi sababbin robobi a leda, ya koya masa yadda ake yi da baki. Ran Talata ya kwance akwatin, ya rungumo shi zuwa ƙarƙashin rakuba, rumfar tsakar gidanmu, ya ce in kawo babbar siniyata. Siniyar aurena ce, faffaɗan faranti mai zanen furanni. Na kawo.

Ya yini yana warware shi. Can ya zaro wata sanda mai murɗi, sai ƙananan ƙwallayen ƙarfe suka zubo, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Ya tattara su a kwanon sha ya zuba musu kalanzir. Daidai nan aka aiko cewa an sakar wa hawasharmu, wato gonarmu, ruwa, kuma in ruwan ya wuce sai wani zagayen. Ya ɗauki fartanya yana cewa, "Wanke min su, ki adana."

Na zauna na wanke su ɗaya ɗaya. Sai na ga rabinsu suna ƙyalli, rabinsu kuwa baƙaƙe, duk gugar da na yi ba su washe ba. Tun ina yarinya aka koya mini tsintar adas, ɗan ƙaramin waken miya: mai kyau gefe, baƙi a zubar. Na ce a raina ai waɗannan su ne suka ƙone, su ne suka hana motar lafiya. Na tsince su tas, na haɗa da tokar murhu na watsa a juji bayan katanga. Farare na ƙulle a ƙyalle mai tsabta. Har na tsara yadda zai dube ni in ya ga na gano cutar da kaina.

Ya dawo jiƙe da laka, bai tambaya ba. Sai da safiyar Laraba ya kwance ƙullin, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Ke, ina sauran?"

"Ɓatattun? Na zubar."

"Waɗanne ɓatattu?"

"Baƙaƙen mana. Sun ƙone."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a ƙasa ya dafe kafaɗarsa. A hankali ya ce haka aka ƙera su: goma sha biyu farare, goma sha biyu baƙaƙe, baƙaƙen sun ɗan fi ƙanƙanta da abin da ido ba ya gani. Ana jera su fari, baƙi, fari, baƙi, don kada su ci juna. In babu su, akwatin gungumen ƙarfe ne kawai.

Surukata tana bakin ɗakinta tana soya bunnin jabana, 'ya'yan gahawarta, ta ji komai. Ta ce, "Mi kinka zubar, 'yar nan? Ƙarfe? Yau na ga mai tsintar mota kamar za ta dafa ta." Sai ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka zauna kamar an yi maka rasuwa. Wa ya ce ka bar ma ta abu ba bayani? Tashi ki ɗauko rariya."

Ni da ita muka durƙusa a juji. Kaji sun riga sun tone wurin tun da asuba, sun watsa tokar ko'ina. Ina ɗiba da murfin kwano, tana tankaɗewa. Toka ta shiga idona, ta shiga maƙogwarona. Ɓawon albasa, kashin awaki, fasasshen kofi. Duk wanda ya fito sai ta ɗaga shi sama ta ce, "Ga ango guda." Rana ta hau kanmu. Bayana ya riƙe. Kafin azahar mun sami goma sha ɗaya, muka sake bin jujin daga farko har sau biyu, na goma sha biyun ya ƙi fitowa.

Maigidana ya ce ba zai haɗa da giɓi ba. Usta ya gargaɗe shi, in sitiyari ya cije a bakin tura'a da mutane a baya, ba gyara za a yi magana ba.

Surukata ta miƙe da ƙyar, ta tsaya tana kallon kajina biyar. Ta nuna kazar nan wake-wake da sandarta. "Wagga ce. Ita ka korar sauran daga juji, ba ta barin komi."

Kazar da mahaifiyata ta ba ni ce ran da aka kawo ni, ita ta fi kowacce ƙwai. Na ce, "Inna, in ba ita ba ce fa?"

"To mun ci nama. Kaza kike so ko miji?"

Ni na kama ta, shi ya yanka. Na fige ta ina jin ƙaiƙayin toka a wuya, na tsaga ƙundun a kan murfin tukunya. Cikin tsakuwa da dusa, ga shi nan, baƙi, ko ƙwarzane babu. Ban yi murna ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini har ƙafa.

Ran Alhamis muka haɗa. Ya sa sababbin robobin da ɗan jan mai a yatsa. Ni ke miƙa ƙwallayen, ina faɗa da baki, fari, baƙi, shi yana tura su cikin rami yana juya sandar kaɗan kaɗan. Sau ɗaya ya rikice, muka zazzage muka sake. Da la'asar akwatin ya koma jikin mota, an ɗaga gaban a kan jak, tayoyi suna lilo.

Saura saiti, kuma wannan aikin mutum biyu ne. A saman akwatin akwai kusa mai noti, ita ke cire wasan. Ya ce in hau mazaunin direba. Ban taɓa zama a wurin ba. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, tana warin gumi da man gelo. Ya ce in murɗa har ƙarshen dama, in ƙirga juyi zuwa ƙarshen hagu, in dawo rabi. Nan ne tsakiya, a nan ake ɗaurewa. Yana ɗaure kusar da kwatan juyi kowane karo, ni ina kaɗa sitiyarin dama da hagu ina faɗa masa ko wasan ya ragu.

Haƙurinsa ya ƙare a juyi na huɗu, ya murɗa da yawa lokaci guda.

Na ce, "Ya cije a tsakiya."

"Ba cijewa ba ce, ƙarfi ne. Mi kinka sani ga mota?"

"Ban san mota ba. Amma hannuna ya ce ya cije."

Ya fito daga ƙarƙashin murfin injin, ya ziro hannu ta taga ya gwada. Ya koma ya sassauta kaɗan. "Yanzu fa?"

"Yanzu yana ɗan riƙewa, sai ya wuce."

"Halas, ya yi. Haka usta ya ce. Kar ki motsa." Na ji ya ɗaure notin.

Ya cika tulun man sitiyarin da jan mai, ya sa na yi ta murɗawa ƙarshe zuwa ƙarshe don iska ta fita. Na daina ƙirga a ashirin. Hannuwana suka mutu, sai a lokacin na san abin da kafaɗarsa take ɗauka kullum. Da kumfar ta kwanta ya sauke motar, ya tayar, ya fita.

Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsa a kan gefen tura'a. A cikin littattafaina nan ne zai tsaya, ya kira ni, mu tafi kallon faɗuwar rana a bakin kogi. Ya kai gadar ƙarfe, ya juyo da hannu ɗaya, ya dawo. Ya leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo. Abin da ya ce shi ne, "Akwai sauran kazar nan?"

Akwai. Na zuba masa da kisira, siririyar gurasar dawa. Ni ban iya ci ba.

Da safiyar Juma'a ina shara na ga ya jawo wata jakar tafiya daga ƙarƙashin angarib, wadda ban san ya haɗa ba. Ya ciro bargo, ya ninke shi ya shimfiɗa a kujerar da ta lotsa. Sauran kayan ya zube mini su a kan tabarma, ya ce in mayar inda suke. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, bai ɗauka ba sai da aka gama loda albasa.

Siniyar ba ta sake fita ba, jan man ya shige cikin furannin. Na koma ba wa kaji dusa a kanta, su huɗun da suka rage.