Jirgin Baba Mai Walda

Shekara talatin da takwas Baba Mai Walda ya yi yana haɗa ƙofofi da tagogi da gadajen ƙarfe, kuma ba a taɓa samun wanda ya dawo masa da aiki ya ce ya ɓalle ba. Akwai gidan da ruwan sama ya rushe kaf, aka wayi gari ƙofar da Baba ya yi tana tsaye ita kaɗai, a kulle. Duk wanda ya zauna a bencin shagonsa sai ya sha wannan labarin, ko ya so ko ya ƙi.

Ƙarfe bai taɓa kayar da shi ba, hasken walda ne ya yi masa illa. Likita ya duba idanunsa ya ce aiki ya ƙare, kuma ɗan ganin da ya rage ma da wuya ya kai baɗi. Baba ya koma gida ya zame wa kowa alaƙaƙai: ya gyara abin da ya lalace, ya gyara wanda bai lalace ba. Da ya ƙara wa kujerar roba ƙafa ta biyar, sai 'yarsa mai aikin jinya a wani gari ta aiko masa da wani dogon kwali. A ciki akwai ɗan jirgin sama a wargaje, irin wanda ake haɗawa, a zuba masa mai, a tuƙa shi daga ƙasa da rimot.

Da farko ya yi fushi, wai an mai da shi yaro. Amma da ya juya injin a tafinsa, ɗan abu bai kai dunƙulen hannu ba, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya ce wa maƙwabcinsa Tela, "Duk abin da na ƙera a rayuwata, na tsayawa wuri ɗaya ne. Ina so in ga aikin hannuna a sama, ko sau ɗaya, kafin idon nan ya rufe."

Tela ya tausaya masa, ya ɗauki aikin karanta masa takardar bayani. Aka shimfiɗa kayan a kan teburin falo, aka kori kowa. Baba ya ɗaga katakon fiffike, ya ji ba nauyi ko kaɗan.

"Wannan katako ne ko biskit?"

"Haka ake son sa, Baba. An ce a shafa gam a manna."

"Gam? Takalmi muke ɗinkawa?"

Hali zanen dutse. Mutumin da ya saba yi wa ɓarawo shiri ba zai yarda da abin da ɗan yatsa ke iya karyawa ba. Ya zura siririn rodi a cikin fiffiken. Ya yanko fallen kwano ya lulluɓe cikin jirgin saboda sauka. Tayoyin roba suka ba shi haushi, ya sa masu ƙarfe. Likita walda ya hana, in ji shi, bai hana noti ba, don haka duk inda takarda ta ce gam, Baba ya huda ya ɗaure.

"Takarda fa ta ce kada ya wuce kilo biyu da rabi," in ji Tela.

"Shi wanda ya rubuta takardar, ya taɓa haɗa ƙofa?"

"Ina jin jirgi kawai yake haɗawa."

"To ka gani."

Bayan mako shida suka kai shi sikelin mai sayar da gas, ya yi kilo tara. Baba ya dawo yana washe baki kamar an gaya masa nauyin jikansa.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a filin ƙwallo. 'Yar ta zo musamman, unguwa ma ta fito, don ba a gayyatar mutane kallon abin da zai iya zama abin dariya, da kansu suke zuwa. Aka zuba mai a tanki, Tela ya murza farfela da sanda, injin ya kama kuka kamar sauro ya samu lasifika. Baba ya tura maɓalli har ƙarshe. Jirgin ya zabura da gudu, bayan taku ashirin ya ɓace wa ganinsa.

Ya ɗaga kai yana laluben sama da ido. "Ya tashi?"

Sai ya kasa kunne. Ba ya ma buƙatar amsa, kunnensa lafiya lau yake, kuma kukan injin a ƙasa yake tafiya. Jirgin ya ratsa filin, ya bi ta tsakanin turakun raga, ya daki katangar makaranta.

Da aka ɗauko shi sai wuri ya kaure da shewa. Bulo biyu sun fashe, jirgi kuwa ban da farfela ko ƙwarzane bai yi ba.

"Aikin Baba kenan!" in ji wani. "Wallahi ko tirela ta taka shi, ita za ta ji jiki!"

Irin yabon da ya rayu a kansa kenan, amma yau sai ya ji shi kamar mari. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora jirgin a cinya. 'Yarsa ta durƙusa kusa da shi, ita ma idonta ya ciko.

"Baba, ai da sauran lokaci. Mu kwance ƙarafan nan, mu mai da shi yadda ya zo, mu sake gwadawa."

Ya bi fiffiken da yatsu, noti bayan noti. Kowanne ya daddake kansa da guduma bayan ya ɗaure, yadda ya saba yi wa ƙofa don kada sifanar kowa ta kama.

"Ba zai kwantu ba, 'yar nan," ya ce a hankali. "Ni na ɗaure shi."