Waƙar Sale Direba da Takardar da Na Danne

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Sale direba ya rera waƙa a walimar sallamar wani ma'aikacinmu ba. Lokacin ni ne mataimakin shugaban sashen shirye-shirye a gidan rediyonmu na nan Bauchi, kuma ni ne sha'irin gidan. Na gama karanta tawa waƙar, aka ɗan tafa. Sai Sale ya miƙe ya rera tasa da Geranci, yaren iyayensa, wanda yanzu sai tsofaffi ke ji. Kusan ba mai fahimta, amma wuri ya yi tsit. Manaja ya ce, "A ba shi minti goma duk Asabar." Ni da na shekara biyu ina roƙon minti biyar! Wallahi hassada ce ta kama ni, ba wani abu ba.

Ku sabbin ma'aikata ku sani, a dokar aiki ba a sa shiri a iska sai wani mai jin yaren ya saurara ya sa hannu cewa ba zagi, ba siyasa. Takardar ta teburina take bi. Nan na laɓe.

Sale ya zo ya rusuna. "Ranka ya daɗe, an naɗa waƙar a faifai. Inna ce ta koya mini yaren, kuma ba ta da lafiya. So nake ta ji shi a rediyo."

Na ce, "Wa zai tantance?"

Ya ce akwai wani tsohon malamin makaranta a Inkil. Na ce sai ya kawo shaidar aikinsa. Ya kawo, na ce ba hatimi. Alhali da shirina ne, da waya kawai zan buga a wuce wurin.

Wata rana yana tuƙa ni zuwa Yelwa ya ce, "Malam, na ji a rediyo akwai mutanen Kwanwal a ƙasar Ingila, sai da yarensu ya mutu sannan mawaƙansu suka tono shi daga littattafai. Mu kuwa ba littafi. Ina so in riƙe namu da sauran numfashinsa." Na ce ya dubi hanya.

Sati biyar takardar na cikin durowata. Da Manaja ya tambaya, na sa hannu a take, aka tsara shirin Asabar. Ran Alhamis aka yi jana'izar Inna.

Sale bai fasa ba. Da ya buɗe shirin, sai ya yi godiya da Hausa: "Musamman ga Malam Habu, wanda ya yi ta wahala da takarduna." Da zuciya ɗaya ya faɗa, ni kuwa ina bayan gilashin ɗakin watsa shiri na kasa ɗaga kai.

To, ku da za ku gaji teburin nan, dokar tantancewa an yi ta don kare mai sauraro ne. Ni na kare kaina da ita, kuma mai sauraro ɗaya da Sale yake nema ba ta ji ba.