Mota Ta Tafi Fatakwal, Rufinta Yana Zariya

Wata rana ruwan farkon damina ya tare ni a wata unguwa cikin Samarun Zariya.

Ina kan babur, ba rigar ruwa, ba lema. Kun san halina, ko hadari ya yi baƙi ƙirin sai in ce ai wucewa zai yi.

Bai wuce ba. Kafin in ankara na jiƙe sharkaf.

Na hango wani gida da ƙofar garejinsa a buɗe, na yi sallama na faɗa ciki da babur ɗina, ko amsa ban jira ba.

Wani dattijo ne a ciki, farin gemu, da tsohuwar riga 'yar shara. Ya amsa sallamata, ya turo min benci da ƙafa.

"Zauna, ɗana. Ruwa ba ya tambayar izini, kai ma ba sai ka tambaya ba."

Na zauna ina matse hula, sai idona ya kai sama.

Jama'a, gareji ne babu mota. Amma ga rufin mota a rataye!

Irin rufin ƙaramar jif ɗin nan ta da, wanda ake kwancewa a cire gaba ɗaya. Kore ne, da gilasansa na gefe da na baya. An ɗaure shi da igiyoyi masu faɗi a jikin katakon sama, an naɗe gefunansa da tsohon bargo.

Ko'ina a garejin akwai ƙura da saƙar gizo, har zanzaro ya yi gini a bango. Rufin nan kuwa fes yake, yana ƙyalli.

Dattijon ya ga inda nake kallo. Ya ce Allah ne ya kawo ni, dama yana neman wanda zai kama masa su sauke shi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ce to. A raina na ce ai ɗan abu ne.

Wallahi saura kaɗan bayana ya ƙage.

Muka sassauta igiyoyin a hankali, ni ta nan, shi ta can, yana ta yi min faɗa.

"Kar ka kama ta gilashi! Sannu, sannu. Kar ya taɓa siminti."

Muka ɗora shi kan tsofaffin tayoyi da ya jera. Ya ce in aka ajiye shi a ƙasa haka kawai, gefen yakan lanƙwashe, ranar da za a mayar kan mota sai ya ƙi zama.

Ya ɗauko ɗan kwano da man kaɗanya, ya fara bin robar gefen yana shafawa da yatsa. Wai in aka bar ta, zafin bazara zai busar da ita ta tsattsage, ruwa ya riƙa ɗiga wa mai tuƙi a wuya.

Yana yi yana tsayawa ya huta.

Ni kuma bakina ba ya iya shiru. Na ce, "Baba, to ina motar?"

Ya ce, "Tana Fatakwal, wajen yaron nan."

Sai labari ya fito, kaɗan-kaɗan.

Motarsa ce tun yana aikin malamin gona. Idan rani ya shigo sai su cire rufin don ɗaukar buhuna daga gona, idan hadari ya fara haɗuwa su mayar. Shi da babban ɗansa suke yi, tun yaron bai kai tsawon ƙofar motar ba.

Ɗan fari ne. Kun san yadda iyayenmu na da suke da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a zama hira da shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba.

Ya ce duk shekara, lokacin ɗaga rufin nan ne kaɗai yake samun damar kallon fuskar ɗansa sosai ba tare da kowa ya ce komai ba. Shi yana wannan gefe, yaron yana wancan.

Da yaron ya samu aiki a Fatakwal, sai ya ba shi motar kyauta. Lokacin rani ne, rufin yana rataye.

Yaron ya ce a ɗora rufin. Uban ya ce a'a, a bar shi tukuna, in damina ta zo ya dawo ya ɗauka.

Ya yi ɗan murmushi. "Dabara ce na yi. Garin da ruwa ba ya ɗaukewa, ai dole ya dawo."

Yaron bai dawo ba.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Ya yi aure a can, wakilai aka tura. Ya haihu, a waya dattijon ya ga jikokinsa.

Ba wai ya yanke zumunci ba. Yana aiko da saƙo, yana kira ya gaishe su. Amma gaisuwar ba ta wuce "ina kwana, ya jiki, Allah ya ƙara lafiya."

Dattijon ya ajiye kwanon man. Ya ce bara likita ya faɗa masa zuciyarsa ta gaji. Shi ba mutuwar yake tsoro ba, kowa da ranarsa. Tsoronsa kar ta zo bai sake ganin yaron nan ido da ido ba.

Wallahi tausayi ya kama ni, har da ɗan haushi.

Na ce, "Baba, ka taɓa ce masa ya zo?"

"Kullum ina gaya masa rufin yana nan."

"Ba rufi na tambaya ba, Baba. Ka ce masa kana son ganinsa?"

Ya zaro ido kamar na yi saɓo.

"Haba ɗana! Ɗan fari ne fa."

Ruwa yana ta dukan kwanon rufin garejin.

Na san na wuce gona da iri. Baƙo ne ni, ruwa ya koro ni. Amma na ce tunda na fara, bari in ƙarasa.

Na ce ya kira shi yanzu, ina zaune. In abin ya yi nauyi, ni ba ɗan unguwar ba ne, ba wanda zai ji a bakina a nan.

Ya daɗe yana goge yatsunsa da tsumma. Sannan ya laluba aljihu ya ciro 'yar ƙaramar wayarsa. Kunnensa ya yi nauyi, don haka a bayyane yake sa murya, duk abin da aka faɗa ina ji.

Aka ɗauka. Muryar babban mutum, ba yaro ba.

Suka gaisa. Ya jiki, ya iyali, ya ruwa.

Sai dattijon ya gyara murya ya ce, "Dama... rufin nan yana nan. Yau ma na shafa masa mai."

Na dafe kai.

Sannan ɗan ya ce, cikin ladabi, "Baba, ka yi haƙuri. Motar nan na daɗe da rabuwa da ita. Tamfol na sa aka ɗinka mata, ruwa ya cinye ƙasanta, na sayar. Na kasa gaya maka ne, don na ga rufin ya fi komai damunka."

Na ga fuskar dattijon ta sauya. Ya dubi rufin da ya yi shekaru yana gogewa, ya dubi kwanon man.

Na ɗauka zai kashe wayar.

Sai na ji ya ce, da wata irin murya ƙasa-ƙasa:

"To bar zancen rufi. Ni ne nake nan. Ka zo in gan ka."

Na kasa kunne.

Har na zaci layin ya katse. Ashe kuka mutumin yake yi.

Da ƙyar ya iya cewa, "Baba, tun ranar da na bar gida nake jiran ka ce in zo. Na ɗauka ba ka damu da ganina ba."

Dattijon ya juya min baya, ya fuskanci bango. Kafaɗunsa suna girgiza.

Na tura babur ɗina na fita cikin yayyafi, don wannan ba wurin zaman baƙo ba ne. Abin da na ji na ƙarshe shi ne muryar ɗan yana tambaya ko akwai ɗakin da zai ishe shi da yara.

Darasi:

Wanda kake kewa ba ya karanta zuciyarka. Abin da ka faɗa shi yake ji. In ka yi shekaru kana tambayar kaya, zai ɗauka kayan kake so.

Kunya ado ce, amma kar ta cinye maka shekarun da ba za su dawo ba. Iyaye, ku buɗe baki. 'Ya'ya, in kun ji tsoho yana ta maimaita zancen wani tsohon abu, ku shirya ku je, ku yake kira.

In akwai wanda ya faɗo maka a rai kana karanta wannan, kira shi yau. Sannan ka tura wa wani, wataƙila a gidansu ma akwai wanda ya kasa faɗa.