Yadda Lurwanu Ya Samo 'Yan Uwansa Mashaya a Madina

Lurwanu mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Aziziyya. A Madina aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Damagaram a ƙafa, ya sauke farali, ya ce shi kam ya iso gida. Hannun Lurwanu da albarka, na'urar da ta gagari kowa, shi kunne kawai zai kara ya gane ciwonta. Aibinsa ɗaya: shekara goma sha ɗaya yana shan kolonya, turaren kwalba mai ƙamshin lemon tsami, yana sirkawa da ruwa. Garin da babu giya, ai mutum ya yi da abin da ya samu.

Da ya faɗo daga kan tsani da rana tsaka, matarsa Sabuwa ta kai shi wani asibiti a Jidda, ya yi kwana arba'in. Maƙwabta aka ce musu gyambon ciki ne. Ran sallama likita ya ce masa, "Ka nemi irinka da suka daina, ku riƙa zama duk mako. In ka zauna kai kaɗai, kafin wata uku za ka dawo mana."

Sabuwa kuwa tata gajera ce. "Abu Umair, ranar da na sake jin warin nan a bakinka, zan kwashi yara mu koma Makka wurin yayana. Khalas."

To, ina za a samo mashayi a Madina? Ya fara da limamin unguwa. Liman ya zaro ido. "A birnin Manzo? A'uzu billahi! Babu su." Ya ba shi addu'a da galan na zamzam. Allah Ya saka masa, addu'ar ta yi kyau, sai dai ba a hira da galan.

Ya je wurin Khalilu, wanda suka shekara shida suna raba kwalba ɗaya a bayan shagonsa. Khalilu ya ja carbi. "Ni? Ya shekh, ji tsoron Allah. Ni ko shayi mai kauri ba ya karɓa ta." Lurwanu ya gaishe shi ya fito. Gari dai tsarkakakke ne: ana sauke kolonya katan-katan a kantuna tana ƙarewa, amma ka shiga bas ba ka jin ƙamshi a rigar kowa.

Ya kwana ashirin da biyu yana wannan yawo. Ranar nan aka gayyace shi walimar suna a unguwar Bani Harisa. Aka ci shinkafa da rago, aka wanke hannu, sai mai gida ya biyo layi da kwalbar kolonya yana tsiyaya wa baƙi a tafi, yadda aka saba. Ƙamshin ya riga kwalbar isowa. Yawu ya cika bakin Lurwanu. Ya soke hannayensa a hammata, ya ɗauke numfashi, ya girgiza kai. Da ya waiga, sai ga wani dattijo kusa da shi, Abdulrauf tela, gemunsa fari fat, shi ma hannayensa a hammata.

A wajen takalma dattijon ya tare shi. "Kwana nawa?"

"Na me, Baba?"

"Kada ka mai da ni yaro. Wanda ba ya son turare cewa yake na gode. Ba ya daina numfashi."

Lurwanu ya dubi ƙasa. "Sittin da biyu."

"Sittin da biyu! Har yanzu ba a yanke maka cibiya ba. Ni shekara tara. Mu huɗu ne, muna zama a cikin shagona ran Alhamis bayan la'asar. Ka zo. In an tambaye ka, awon riga ka zo."

Ya je. Akwai direban bas, akwai malamin makaranta mai ritaya, akwai wani Issoufou mai dakon kayan alhazai. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Duk sun haddace wa'azin tun suna sha. Direban ya ce shi ya koma ruwa sau uku, na ƙarshe da turaren surukinsa, mai tsada kuwa. Aka yi dariya har malamin ya ƙware. Da aka zo kan Lurwanu, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har da kwalbar da yake ɓoyewa a cikin wani mataccen mukayyif, wadda har ranar bai zubar ba. Abdulrauf ya ce, "Tashi. Issoufou zai raka ka ku zubar yanzu, mu ba ma yarda da gobe."

Ya isa gida ana kiran magariba. Alhamis da yamma kuwa lokacin shansa ne a da, saboda haka Sabuwa na tsaye a bakin ƙofa, abaya a jiki, a shirye take ta kwashi yara.

"Daga ina?"

"Daga wurin mashaya."

"Ma sha Allah. Maganin ke nan da likita ya rubuta? Matso. Buɗe baki."

Ya buɗe. Ta daɗe tana shinshinawa kamar mai sayen kifi, sannan ta ja da baya ta cire abayar.

"Shayi ne, kuma lami. Wace mata ce ta bar su suna shan wannan? Alhamis mai zuwa ni zan dafa, ka tafi musu da shi."