Katawut Ɗin Yana Aljihunsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hamisu Mai Sanyi ya rasu.

Da hantsin nan labarin ya same ni, ina tsugune gaban wani firji a shagona na Tudun Wada, hannuna duk baƙin mai. Wansa Malam Sunusi ne ya kira. Ko sallama bai yi ba, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Basiru, rufe shago ka taho. Wuta ta ja Hamisu."

Na ce wane asibiti aka kai shi?

Ya ce, "Ba asibiti ba, gida za ka zo."

Bayan azahar muka kai shi makwancinsa a Dangora. Yanzu na dawo, ƙasar maƙabarta tana nan a ƙafata, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ba hawaye ne ya fi yawa a cikina ba, fushi ne. Tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe wani ya fara yaɗa cewa sakacinsa ne ya kashe shi. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu. An ɗauke mana ransa, ba za a haɗa da sunansa ba.

Ga wanda bai san shi ba, ni da Hamisu a wurin oga ɗaya muka koyi aiki a Kano: esi mai sanyaya ɗaki, firji, fanka, hita. Da muka dawo gida ni na kama shago na zauna, shi kuwa babur ne shagonsa. Yau yana Bebeji, gobe yana Ƙiru, jibi ka kira shi ya ce yana hanyar Doguwa, ka yi magana da ƙarfi.

Tsofaffin gidajen nan na bayan gari da kowa yake gudu, su ne nasa. Wayarin ɗin da aka yi tun zamanin iyayenmu, ɓera ya ci rabi, silin cike da jemagu. Ni in aka kira ni irin wannan gida sai na ce ina da aiki. Shi sai ya yi dariya ya ɗaura jaka.

Yakan ce, "Tsohon gida tsohon mutum ne, lallaɓa shi ake yi."

Shekarun baya na ƙudura sai na sa wa mahaifiyata esi a ɗakinta na ƙasa, saboda zafin bazara yana hana ta barci. Na kira shi ya taya ni. Ya shiga ya tsaya yana kallon bango kamar mai neman ƙadangare. Can ya hau turmi, ya zaro tsummokaran da aka cusa a wata 'yar taga ta sama tun ban yi wayo ba, ya gyara tsohuwar fankarta, ya ce shi ke nan.

"Inna, esi sai ya sa miki ciwon gwiwa. Ki bar ɗan nan naki ya saya miki nama da kuɗin."

Har yau tana barcinta lafiya, kuma har yau ba ta daina tambayata naman ba. Ranar na ce masa, kai ne kaɗai mai sana'ar da na sani da yake korar ciniki da bakinsa.

Mutanen Doguwa ku ma shaida ne. Lokacin sanyi akwai wani dattijon malami da ba ya iya taɓa ruwan alwala da asuba. Hamisu ya harhaɗa masa hita daga tarkacen shagona, ya kai masa har gida ya ɗaura. Kuma duk ɗakin da ya shiga ya ga kaskon gawayi an rufe ƙofa da taga, sai ya yi faɗa kamar gidan ubansa ne. Wasu su ji haushi, amma su buɗe tagar.

Yanzu ku ji abin da ya sa maganar sakaci ta tsaya mini a wuya.

Kowane mai aikin wuta ya san katawut, fis ɗin nan da ake zarewa a jikin mita, wutar gida ta yanke gaba ɗaya. Yawancinmu in muka zare sai mu ajiye shi a kan mita ko bakin taga. Hamisu bai taɓa yin haka ba. Aljihun gaban rigarsa yake jefa shi ya ɓalle maɓalli, don kada wani ya zo ya mayar yana tsakiyar aiki. Har tela yake sa wa ya ƙara wa aljihun rigunansa maɓalli saboda wannan kawai.

Mun tsokane shi har mun gaji. Sau da yawa sai ya isa gida ya tarar da katawut ɗin mutane a aljihunsa, ya juya da babur yana ba da haƙuri.

In muka yi dariya sai ya ce, "Ku yi ta yi. Wutar da ke aljihuna dai ba ta cizona."

Ganina da shi na ƙarshe ranar Litinin ne. Ya biyo shago ya ce in raka shi mu duba wani aiki, tsohon gida ne a bakin gari, mai shi wani Alhaji dillalin hatsi yana so a cire masa tsohon esi na bango a sa sabo, a sake jan waya ta cikin silin. Ba zan kama sunansa ba. Ba tsoro ba ne, Malam Sunusi ne ya roƙe ni, saboda magana za ta je gaban hukuma kuma ba ya so in ɓata ta da zafin kaina.

Muka zaga gidan. Hamisu ya tsaya gaban mita ya yi tambayar da yake yi wa kowane mai gida.

"Alhaji, ban da wannan, akwai wata wutar da take shigowa gidan nan? Ko janareto, ko layin maƙwabta, ko wani abu? Faɗa mini, ni ba mai kai ƙara ba ne."

Alhaji ya dafa ƙirji. "Wallahi tallahi babu. Wannan ce kaɗai."

Ina tsaye. Da kunnuwana na ji.

A hanyar dawowa muka tsaya muka sha rake a bakin titi. Ya ce, "Da sassafe zan shiga silin ɗin ranar Laraba, kafin kwano ya ɗauki zafi. In na fito zan biyo ka saya mini gurasa, tunda ka raka ni ba ka yi komai ba."

Yau Laraba. Mai gurasar ta wuce ta ƙofar shagona ina sa kwaɗo.

Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai ga Alhaji da babbar riga, turare kamar zai je ɗaurin aure, an biyo shi da buhun shinkafa. Ya yi addu'a, aka shafa. Da ya yi shiru daga nan, da wataƙila ban yi wannan rubutu ba. Sai ya gyara zama ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji.

"Yaran yanzu sai haƙuri, gaggawa ta yi musu yawa. Da ya cire katawut kafin ya hau, da Allah ya kiyaye."

Yaro. Mutumin da furfura ta fara fito masa a gemu.

Na yunƙura zan tashi, Malam Sunusi ya danne mini gwiwa. Shi ne ya cire wa ƙaninsa riga kafin wanka. Ya sa hannu a aljihu ya fito da katawut, ya ajiye a kan tabarma a gaban Alhaji.

"A aljihunsa na samu, maɓallin a ɓalle. Na gidanka ne ko ba naka ba ne?"

Alhaji ya dubi abin, ya dubi ƙasa, sai ya koma "ƙaddara ce, ƙaddara ce, kowa da ranarsa." Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, amma ban taɓa ganin wanda ya ƙure da wuri irin wannan ba.

Ku ji ƙarshen rashin kunya. Da ya tashi tafiya sai ya ja ni gefe ya rage murya.

"Malam Basiru, in an yi sadakar uku ka leƙo ka ƙarasa mini aikin nan. Wallahi ɗakin ba ya kwantuwa."

Ban san lokacin da na fizge hannuna ba. Na ce, "Alhaji, wannan wallahin ta yau, ita ce irin ta ranar Litinin?" Sai ya shige mota.

Daga Dangora gidan Alhajin na wuce, don in ɗauko babur ɗin Hamisu da jakar kayan aikinsa, kuma don in ga inda wuta ta fito tunda katawut yana aljihu. Na tarar da mai gadin gidan, wani dattijo, yana zaune ya haɗa kai da gwiwa. Shi ya ba ni labari, kuma ya ce in faɗa ko'ina, zai maimaita a gaban kowa.

Ya ce da safen babu wuta a unguwar. Hamisu ya zare katawut a gabansa, ya sa a aljihu, ya taɓa wayoyi da testa, ya hau tsani ya shiga silin. Jim kaɗan yaran layi suka ɗauki ihun an kawo wuta. A cikin ihun nan ya ji wani abu ya buga a sama.

Ya ruga wurin mita don ya zare katawut. Ya tarar babu abin zarewa.

"Ɗana, na tsaya gaban mitar nan ina ta lalube kamar makaho. Na yi ta kiran Alhaji. Da ya fito bai nufi mita ba, ɗakinsa ya koma da gudu, ya ture wadirob, ya kashe wani makunni a bayanta. Bai yi lalube ba, ya san inda yake."

Layi na biyu ne. Wayar sata da aka jawo ta bayan gida daga wata falwaya, ba ta bi ta mita ba, ta ratsa cikin silin ta tafi kai tsaye wurin esin ɗakinsa, don ya sha sanyi mita ba ta gani ba. Kafin in isa an riga an tsinke ta, amma ramin da ta shiga a bango yana nan, guntunta yana lilo, kuma na ɗauki hoto.

Ya ji tsoron kada asirin wayarsa ya tonu, sai ya rantse da Allah ya tura mutum cikin silin.

Na san abin da wasunku za su rubuta a ƙasa. Basiru ka yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, na san Hamisu ba zai wuce yau ba ko a kan gadonsa yake. Amma ba ƙaddara ce ta dafa ƙirji ranar Litinin ba. Yafiya hakkin iyalinsa ne, in sun ga dama su yafe, ba zan hana su lada ba. Ni dai nawa kason na baƙin ciki ban yafe ba. Allah ya isa.

'Yan'uwana masu gyaran esi da firji da wayarin, daga Bebeji zuwa Ƙiru, daga Tudun Wada zuwa Doguwa, har ku na Tiga: duk kun san gidan, wanda bai sani ba ya same ni a shago. Kada wanda ya taɓa masa ko da soket. Ban ce a zage shi ba, ban ce a taɓa ko ƙofar gidansa ba. A ƙyale shi kawai. An riga an cire tsohon esin, sabon yana cikin kwali. Bazara ce, ruwa bai sauka ba. Ya kwanta rigingine a ɗakin nan yana gumi, ya yi ta kallon ƙofar silin ɗin da Hamisu ya shiga.

In ya ɗauko wani daga Kano, ku tare shi a hanya ku ba shi labari, sannan ya zaɓa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Katawut kuwa, Alhaji ya je kasuwa ya sayi wani, wannan ba zai koma gidansa ba. Idan hukuma ta gama da shi, Malam Sunusi ya ce Rabi matar marigayi za a ba ta ajiye. Suna da 'yar ƙaramar yarinya, Ummi, ko tafiya ba ta ƙware ba. Wata rana za ta girma, wani mai dogon baki zai ce mata ai babanki sakaci ya yi. Ranar uwarta za ta buɗe akwati.

Ya Allah, ka jiƙan Hamisu. Ka sanyaya masa kabarinsa kamar yadda ya sanyaya wa tsofaffinmu ɗakuna. Ka ba mahaifiyarsa da Rabi da Malam Sunusi haƙuri, ka raya Ummi da albarka. Wanda ya rantse da sunanka a kan ƙarya kuwa, kai ka ji shi, na bar shi da kai.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a kafin ya wuce. In kuma fankar da take juyawa a kanka yanzu Hamisu ne ya ɗaura ta, ɗaga kai ka dube ta, ka karanta masa Ƙulhuwallahu.