Misbahu Mai Turi da Memorin Innata

Idan aka tambaye ni wa na fi tsana a Kaura Namoda, ba na dogon tunani. Misbahu mai turi ne, wanda rumfarsa ke bakin tashar motocin Zurmi, mai tsohuwar lasifika ɗaure da igiyar roba a kan kwano. Aikinsa tura wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi daga kwamfuta zuwa memori, da gyaran memorin idan ya lalace. Kowa ya yarda ya iya aikin. Ni ma na yarda, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi.

Mun yi makaranta tare, saboda haka na san shi tun yana yawo da wando mai faci. Ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma da jirgi ya daina zuwa sai tsohon ya koma gyaran rediyo. A gindinsa Misbahu ya tashi, yana liƙa zaren kaset da man farce, yana naɗe shi da biro. Da kaset ya mutu ya koma faifai, da faifai ya mutu ya sayi wata kwamfuta da aka ɗaure murfinta da salatif. Mutum ne siriri, baƙi, mai ƙaton agogo da ba ya tafiya. Ba ya yi wa mai ciniki fara'a. Ka gaishe shi ya amsa da hanci, ka tambaye shi yaushe zai gama ya ce ka tambayi kwamfutar. An ce matarsa Saudat kaɗai ta taɓa ganin haƙoransa, ita ma ban tabbatar ba.

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk tashar ta sani. Shekarun baya wata Bafillatana daga wajen Katuru ta kawo masa memorin da ya ƙi aiki, ya goge shi kaf don ya gyaru, ashe muryar ɗanta da ya rasu tana ciki yana kiran shanu. Matar ba ta zage shi ba, zama ta yi a ƙasa gaban rumfar har la'asar. Tun daga ranar ba ya taɓa memorin kowa sai ya kwashe abin da ke ciki ya adana, kuma duk abin da ya kwafa sai ya kunna farkonsa ya ji da kunnensa cewa ya fito daidai. To lasifikar da yake gwaji da ita, ita ce dai wadda ke saman rumfa tana tallar wa'azi. Na san ɗabi'ar. Abin da ban yi ba shi ne na zauna na lissafa inda za ta kai ni.

Ga abin da ya kai ni wurinsa. Mahaifinmu yana da fadama a bayan Zurmi, wuri mai kyau, ana albasa da rani ana dawa da damina. Shekara biyu kafin ya rasu ya ba ƙanwata Azumi ita, bayan mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ranar da ya ba ta, ni kaɗai ke tare da shi a gonar. Ya ciro 'yar wayarsa ya ce in danna masa wurin ɗaukar murya, ya faɗi abin da zai faɗa, na mayar masa da wayar. Bayan rasuwarsa Inna Kulsumu, mahaifiyarmu, ta sa aka zare memorin aka sa mata a ƙaramar rediyonta, saboda akwai karatun Alƙur'ani na tsohon a ciki, kullum da hantsi sai ta kunna. Rediyon ba ta iya karanta waccan murya ta gona, don haka ba wanda ya taɓa jin ta.

Da aka zo maganar rabon gado na ce fadamar aro ce, a mayar da ita cikin dukiya a raba. Ba zan yi wa kaina ado ba, ina son wurin. Ni ne na haƙa rijiyar da ke ciki, ni na yi shekara goma ina kai taki da jaki, kuma a raina na ga ba a yi mini adalci ba. Azumi ta yi kuka ta ce, "Yaya, kai ma kana nan, Baba ya ce ya aje magana cikin waya." Na ce ban san da wannan ba. Kawunmu ya ce to, ranar Juma'a a kawo memorin a bincika gaban malam.

Ba zan iya ɓatar da shi ba, Inna za ta ɗaga gidan. Sai na ce mata zan kai a ƙara mata wa'azi. Na sa shi a wayata na danna gogewa, ya nuna ya gogu, ina sake buɗewa na ga muryar tana nan zaune. Na yi sau bakwai. Na kai wa wani mai turi a Zurmi na ce memorin ya ƙi karɓar komai, ya gwada, kwamfutarsa ta ce katin na karantawa ne kawai, ba a sa masa ba a cire masa. Ya ce in ba Misbahu ba, bai san mai buɗe shi ba. Ranar Laraba na hau motar Ɗantani, maƙwabcinmu direba, na sauka Kaura da rana tsaka.

"Jafaru," Misbahu ya ce, ko ɗaga kai bai yi ba. "Mi ya kawo ka?"

"Memori na ya kulle. Buɗe min shi kawai za ka yi, sauran ni ka yi da kaina."

Ya karɓa ya juya shi a tafin hannu kamar mai duba ƙwayar gero. Ya zura shi cikin babban gidan da ake sa ƙananan memori kafin a cusa a kwamfuta. A gefen gidan akwai wani ɗan makulli da ake turawa sama da ƙasa. Ya tura shi sama da farce, ya gwada, ya ƙi. Ya ce wani lokaci makullin ke sakwarkwacewa, ya canja wani gidan, ya ƙi. Ya buɗe wani baƙin allo a kwamfutar ya yi ta buga rubutu da yatsa biyu, ya cire ya mayar, har yanzu shiru. Ina tsaye zufa na bin bayana, shi kuwa yana kurɓar shayi mai sanyi.

"Wanga ba kulle shi anka yi ba," ya ce. "Tsuhwa ya yi. In memori ya ji ya kusa mutuwa, shi ka kulle kainai don kar abin da ke ciki ya ɓace. Ba ni buɗe shi, ba wanda ka buɗe shi. Sai dai in kwashe in zuba ma cikin sabo."

Raina ya ɗan yi sanyi. Sabo ai yana goguwa. Na ce ya kwashe.

Ya kwashe, sannan ya fara abin da ya saba. Ya danna na farko, muryar Baba ta tashi daga saman rumfa yana karanta Yasin, ya kashe. Na biyu, na uku, haka dai. Sai a lokacin na tuna da ɗabi'ar tasa. Na leƙa allon na ga ya kusa kaiwa ga wata 'yar jaka a ƙasa, inda muryar gonar take.

"Wancan bar shi, ba shi da amfani," na ce.

Da na yi shiru wataƙila da daƙiƙa biyu kawai zai kunna ya wuce. Amma ya ɗago, karon farko tun zuwana, ya dube ni.

"Na wa ne memorin?"

"Na Inna."

"To ba kai ka cewa ba shi da amfani ba."

Ya danna. Aka ji iska da kukan wani tsuntsu, sai tari, sai tsohon ya ce, "Ni Abdullahi, da hankalina da lahiyata, hwadamar nan tun daga tsamiya har bakin gamba na ba ɗiyata Azumi, kyauta, ba aro ba." Na kai hannu zan fizge wayar lasifikar, Misbahu ya buge hannuna da gwiwar hannu, kuma wallahi da idona na ga ya murɗa sauti ya ƙara. Masu jiran mota suka ɗago kai. Mai rake ya tsaya da wuƙa a hannu. Ɗantani yana kan motarsa yana ɗaure buhu, ya saki igiyar ya juyo, don ya san muryar kuma ya san rigimar.

Na zage shi. Na kira shi munafuki, ɗan sa ido, na tuna masa wandonsa mai faci. Shi kuwa ya ɗauko sababbin memori biyu, ya zuba komai a kowanne, ya naɗe su a takarda daban-daban, ya rubuta suna. Tsohon memorin ya miƙo mini. Biyun kuwa ya ɗaga murya ya kira Ɗantani.

"Wanga na Inna Kulsumu, wanga na Azumi. Hannu da hannu."

A motar Ɗantani na koma, don ita ce ta ƙarshe. Tun daga Kaura har Zurmi ba wanda ya yi mini magana, ko mai cewa in matsa.

Ranar Juma'a ba a ma daɗe ba. Malam ya saurara sau ɗaya, ana zuwa "ba aro ba" ya ce a kashe, kawu ya dube ni ya kawar da kai, aka shafa fatiha. Azumi kuwa har yau tana gaishe ni tana durƙusawa, kuma bana ta aiko wa matata da kwandon albasa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Misbahu yana nan bakin tasha, ya ƙara ramewa, lasifikar ta fara shaƙewa. In na je Kaura ta bayan masu kifi nake zagayawa. Mutane na cewa mutumin kirki ne, mai amana. Su suka sani. Ni abin da ba zan yafe masa ba shi ne ƙarin aikin da ba wanda ya sa shi. Ya juya waccan murya ta koma irin wadda rediyon Inna ke karantawa, ya jera ta a bayan karatu. Ranar nan a tasha ihun zagin da nake yi ya hana ni jin ƙarshenta, kuma na manta tsohon ya ƙara wani abu.

Ɗakina da na Inna katanga ɗaya ce. Kullum da hantsi, in Yasin ta ƙare, sai in ji iska da tsuntsun nan da tari, sai maganar tsamiya da gamba. Sannan Baba ya ɗan yi dariya ya ce, "Ga Jafaru nan tsaye, shi ne shaidata. Na san ko bayan raina ba shi bari a taɓa ƙanwatai." Inna ba ta taɓa kashewa kafin wurin ba.