Baba Rumbu, Mai Zare Faifai Ana Cikin Kallo

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko da ruwa ko da rana, ƙofar ɗan shagon da ke ƙarƙashin matakalar bene takan buɗe da ƙarar da ta saba yi shekara talatin da ɗaya. Tela, wadda shagonta ke kallon na Baba Rumbu daga tsallaken titi, ta daɗe da daina duba agogo. Da ta ji ƙarar nan, ta san lokacin kunna keken ɗinki ya yi. In ta ɗaga kai za ta ga Baba Rumbu ya rataye hularsa a ƙusa, ya share gaban shago, ya jera kayan aikinsa daga babba zuwa ƙarami, sannan ya jawo tiren ƙwai na kwali da yake zuba ƙananan kusoshi a ciki, kowane rami da irin nasa. Sai ya gama duk wannan yake ɗaga mata hannu.

A ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya fara gardama, yatsu sun fara rawa a kan ƙananan kusoshin. Kafin ƙofar ta yi ƙararta ta ƙarshe, ya kamata a faɗi abin da mutumin nan ya yi wa layin nan, tunda shi dai ko an matse bakinsa ba zai faɗa ba.

Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, amma abin da ya ba shi suna wani ɗan akwati ne da bai fi kwalin takalmi ba. Idan ofisoshi suka sake kaya suka yi watsi da ƙananan kwamfutocinsu, shi yake bi ya kwaso su a araha. Ya kwance, ya goge, ya sake fanka, ya sa faifan ajiya guda biyu a ciki, ya jona akwatin da na'urar intanet ta gida. Daga nan duk wani hoto, bidiyo, waƙa ko saƙon murya da ke warwatse a wayoyin 'yan gida sai ya taru wuri ɗaya, mai so ya kalla a waya, mai so ya kalla a talabijin. Wutar da yake ci ba ta fi ta ƙwan fitila ba, kuɗinsa kuma bai kai na sabuwar waya ba. 'Yan boko suna da sunan da suke kiran abin, shi kuwa rumbu yake ce masa, har sunan ya koma kansa. In aka tsokane shi cewa kayan juji yake sayar wa mutane, sai ya yi murmushi ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Baba Rumbu, kai ne wanda ba a taɓa ji ya ce wa mutum "sayi sabo" alhali tsohon yana da sauran numfashi ba. Kai ne kuma mai taurin kan da ya ƙi haɗa wa kowa rumbu da faifai ɗaya, ko da za a yi fushi a fita. Biyu kake sawa, duk abin da ya shiga na farko ya shiga na biyu a lokaci guda. Sannan ka miƙa wa mutum na uku a hannu, ka ce ya riƙa kwafe komai a ciki duk wata, ya kai shi gidan wani ɗan'uwa ya ajiye, domin gobara da ɓarawo ba sa tambayar faifai nawa ne a cikin akwati.

Amma abin da kowa ya fi ba da labari shi ne ranar miƙa kaya. Baba Rumbu ba ya ajiye akwati ya tafi. Sai ya tara 'yan gida gaban talabijin, ya ce mai gida ya zaɓi bidiyon da ya fi so ya kunna. Ana cikin kallo, ana dariya, sai kawai ya sa hannu ya zare wayar faifai ɗaya. Wani direban bas na layin ya ce ranar da aka yi masa haka, saura kaɗan ya shaƙe tsohon. Wata nas da ke zaune a hawa na biyu na benen kuwa ihu ta yi har maƙwabta suka leƙo. Bidiyon dai ba ya tsayawa, faifai na biyu ya riƙe. Sai Baba ya mayar da wayar yana dariyarsa ƙasa-ƙasa, ya ce gani ya kori ji. Bayan wata shida wayar direban ta faɗa cikin kwata, ya zo shago yana washe baki, hotunan 'ya'yansa ko ɗaya bai ɓata ba.

Akwai kuma amana. A shekarun nan duka, ba wanda ya taɓa kama shi yana buɗe hoton wani. Sunan fayil da girmansa kawai yake dubawa. Ya ce abin da ke cikin rumbu na mai rumbu ne, shi gini aka ba shi.

Tela ta san inda taurin kan nan ya samo asali, domin a gabanta aka yi. Matarsa, Malama, mace ce mai dariya da ƙarfi da baki kamar reza, kuma ita ce babbar ƙawar Tela tun ranar da ta kama shago a layin. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwarta. Duk bidiyonta da muryarta suna cikin faifai ɗaya a kwamfutarsa ta gida, yana ta cewa gobe zai kwafe, gobe zai kwafe. Wata huɗu bayan rasuwar faifan ya mutu, mutuwar da shi kansa mai gyara ya kasa tayarwa. Hotunan takarda sun rage masa, murya kuwa ta tafi. Tun daga nan ya fara haɗa rumbu, kuma bai ƙara yarda da kalmar gobe ba.

Abin dariyar shi ne, duk layin nan ba wanda ya ƙi jin maganarsa kamar Tela. Tana da wani tsohon faifai na hannu da ƙaninta ya tara mata bidiyon 'yan biyunta a ciki, tun suna cikin zani har suka gama sakandare. Kuma ga inda take ajiye shi: a kan teburin keke. Ta jona shi da kwamfutarta, tana ɗinki tana kallon 'ya'yanta suna rarrafe, keke yana girgiza teburi, faifai yana girgiza tare da shi. Sau nawa Baba ya tsallako titi ya ce mata, "Maman 'Yan Biyu, abin nan fa a ciki juyawa yake yi, ba ya son girgiza. Ki sauke shi daga kan keken nan, ki bari in haɗa miki rumbu."

"Haba Baba, shekara nawa yana nan lafiya lau? In na gama ɗinkin da ke gabana zan kawo."

Ɗinkin gaban tela kuwa, kowa ya sani, ba ya ƙarewa.

Ranar wata Talata, watanni biyu da suka wuce, faifan ya fara wani ƙas-ƙas-ƙas, hoto ya tsaya cak. Ta cire ta mayar, ta cire ta mayar, har sau biyar. Sannan ta kwasa a guje ta tsallaka titi, tef ɗin awo na rataye a wuyanta.

"Sau nawa kika kunna shi bayan ya fara ƙarar?" in ji Baba.

"Sau ɗaya."

Ya kalle ta ta saman tabarau.

"To, biyar," ta ce.

Bai ce ai na faɗa miki ba, kuma wannan ya fi mata zafi da a ce ya faɗa. Ya shimfiɗa tawul, ya ɗora faifan a kai, ya juyo masa ƙaramar fanka. Ya yi mata bayani cewa ba za a yi gaggawa ba: za a fara kwashe wuraren da ke da lafiya, a tsallake masu ciwo, sannan a dawo a lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya, in faifan ya yarda ya kai lokacin.

Abin da Baba bai sani ba, kuma Tela ta ƙi faɗa masa, shi ne tana tsallaka titi za ta koma shago wani abu ya faɗo mata a rai. Ranar da 'yan biyu suka fara tafiya, Malama tana ɗakin. Ƙanin Tela ya ɗauki bidiyon. Shekara da shekaru bidiyon yana can ƙasa cikin ɗaruruwan fayiloli masu lamba maimakon suna, ba ta ko tuna da shi ba, ita da ke zaune taku ashirin daga mutumin da ke neman wannan murya. Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya. In ta faɗa masa kuma faifan ya mutu, ta sa ya yi rashi sau biyu ke nan. Sai ta ja bakinta ta yi shiru, abin da duk wanda ya san Tela zai ce ya fi mata wuya fiye da ɗinkin dare ɗaya.

Kwana tara aka yi. A cikinsu ta ɗinka wa wani hannun riga a baibai, ta yanka yadin wata a gajarce. Kowace safiya tana jin ƙarar ƙofa sai ta tsallaka.

"Baba, yaya mara lafiya?"

"Yana shan magani. Je ki yi ɗinkinki, sannu ba ta hana zuwa."

A rana ta tara da hantsi shi ya tsallako da kansa. Ya ce an samu komai, ban da fayil uku da suka lalace. Ta karɓi kwafin ta shige shago ta rufe ƙofa, ta yi ta buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya. Masu jiran ɗinki a waje sun ce sun ji ta yi wata ƙara, ba su san ta kuka ce ko ta dariya ba.

Ranar Asabar da la'asar ya kawo mata rumbunta gida, rumbu na ƙarshe da zai haɗa kafin ya ajiye aiki. Ya ɗora shi a kan kanta nesa da taga, ya jona wayoyi, ya liƙa takardar da yake liƙa wa kowa a ƙarƙashin murfi, mai bayanin abin da za a yi in jar fitila ta kama. 'Yan biyu, waɗanda yanzu sun fi uwarsu tsawo, suna zaune a kujera tare da mahaifinsu.

"To, Maman 'Yan Biyu, zaɓi wanda kika fi so."

Ta kunna. Ga ɗaki, ga yara biyu suna tangaɗi sun kama ƙafar teburi. Baba ya riga ya durƙusa gefen akwati, yatsunsa a kan wayar faifai, yana murmushin muguntar da ya saba. Sai wata murya ta cika falon.

"Injiniya! Ka ajiye sukundireban nan ka zo ka ga ikon Allah! Yara suna tafiya, kai kana can kana hira da ƙarfe!"

Sai dariya, irin wadda ake jiyowa daga ƙarshen layi.

Baba bai juya ba tukuna. Ya tsaya yadda yake, kamar wanda ke tsoron in ya motsa abin zai gudu. Sannan a hankali ya ɗago kai. Ga Malama a talabijin, ta durƙusa ta buɗe hannuwa, yarinya ɗaya ta faɗa ƙirjinta. Hawaye ya zubo masa, bai ko share ba. Mutumin da ya zare faifai a gidaje sun fi ɗari ba tare da ya ji ɗar ba, ranar nan hannunsa ya ƙi.

Tela tana kuka tana dariya ta ce, "Baba, zare mana. Ba kai ka ce gani ya kori ji ba?"

"Bari ta gama magana," ya ce.

"Ai ba za ta gama ba, ka fi kowa saninta. Zare!"

Ya rufe ido ya zare. Jar fitila ta kama. Malama ta ci gaba da dariyarta, ta ci gaba da kiran Injiniya, har ga shi nan ya shigo cikin hoton da baƙin gashinsa, sukundireba a hannu. 'Yan biyu suka fashe da ihu suna nuna shi. Sau huɗu aka maimaita bidiyon nan kafin ya tuna bai mayar da wayar faifan ba.

Baba Rumbu, kai ne ka yi kwana tara kana lallashin faifan maƙwabciya, ba ka leƙa ko fayil ɗaya ba, ba ka san naka kake ceto ba. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma layin nan ya gani da idonsa. Mun gode da fankokin da ka goge, da tsofaffin kwamfutocin da ka hana su tafiya juji, da firgitar da ka yi mana a falukanmu don hankalinmu ya kwanta. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar ido. Masu sana'ar da ke tasowa, ga abin koyi: ku yi aiki mai araha wanda ba na banza ba, ku gwada shi a gaban mai shi, ku kau da ido daga abin da ba naku ba. Sauranmu kuma, duk mai muryar wani da yake ƙauna a cikin waya ɗaya ko faifai ɗaya, ya kwafe ta yau.

Da zai tafi ranar nan, ya ɗauko faifai na uku daga jaka ya miƙa wa Tela, ya fara karanta mata dokar da ya karanta wa kowa: duk wata a kwafe, a kai gidan ɗan'uwa. Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta sa 'yan biyu suka kwafe komai a ciki, ta naɗe shi cikin ƙyallen yadi mai taushi, washegari ƙarfe bakwai da rabi ta tsallaka titi kafin ya gama rataye hula.

"Ka ce gidan ɗan'uwa," ta ce, ta ɗora masa a tafin hannu. "To, ga shi na kawo. Wannan kuma na yafe maka dokarka ta ƙin leƙa kayan mutane, ka buɗe."